KAFIN AL'ADA TA YANKE: ABIN DA YA KAMATA UWARGIDA DA MAIGIDA SU SANI

An shirya wannan ɗan littafi domin matan da suka ba shekara 40 baya, da mazajensu, da manyan 'ya'yansu waɗanda ke zaune tare da su. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wadda ba ta iya ba, amma ya zaɓi lokacin da babu yara kusa, gama akwai maganganu a ciki waɗanda ba na gaban yara ba ne. Mun san al'amari ne na kunya. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka za mu faɗi kome a fili, da ladabi gwargwadon iyawa.

Kowace mace da Allah ya ja kwananta za ta kai lokacin da jinin al'ada zai ɗauke mata gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawancin mata sukan kai wannan matsayi tsakanin shekara 45 da 55. Likitoci ba sa cewa al'ada ta yanke sai mace ta cika wata 12 cur ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba kuma shayarwa ko wani magani ne ya tsayar da shi ba. To, amma abin ba dare ɗaya yake aukuwa ba. Kafin a kai nan akwai waɗansu shekaru, galibi kamar 4, wani lokaci har 8 ko fiye, da jiki yake ta juyi. Su muka kira shekarun sauyi, kuma a kansu za mu yi magana. Sun yi kama da ƙarshen damina: ruwa ya riƙa ja da baya, a yi mako biyu babu ko ɗigo, har manomi ya fid da rai, sa'an nan wata rana a sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN JIKI

A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai waɗansu 'yan gaɓoɓi biyu, kowace ba ta fi dabino girma ba. Su ne ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai wajen miliyan 1 zuwa 2 a cikinsu, ba kuwa za a ƙara mata ko ɗaya ba. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kamar 300,000, daga nan kuma suna ta raguwa kowane wata, ko ta haifi goma ko ba ta taɓa yin ko ɓari ba. Ban da ajiyar ƙwai, waɗannan gaɓoɓi suna zuba sinadarai biyu cikin jini, sunansu isturojin da furojestaron, waɗanda ke tsara zuwan al'ada wata-wata. Aikin isturojin kuwa bai tsaya ga mahaifa ba. Yana da hannu cikin ƙarfin ƙashi, da laushin fata, da danshin gaba, da lafiyar jijiyoyin jini, har da wurin nan na cikin ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki da barci.

Sa'ad da ƙwai suka kusa ƙarewa, sai sinadaran nan su bar tafiya bisa ƙa'ida. Wannan wata su yi yawa fiye da kima, wata mai zuwa su faɗi ƙasa warwas. Wannan hawa da sauka shi ne tushen yawancin wahalar, shi ya sa mace takan tashi yau lafiya lau, gobe kuwa kamar an musanya ta. Shi ya sa kuma likita ba ya cika aika macen da ta wuce 45 awon sinadari, domin abin da awo ya nuna yau ba shi zai nuna jibi ba. Labarin da ta bayar da bakinta ya fi awon amfani.

Akwai waɗanda abin kan zo musu da wuri. Wajen mace 1 cikin 100 al'adarta takan yanke tun ba ta kai 40 ba, haka nan wadda aka yi wa aiki aka cire ma'ajiyar ƙwan duka biyu, ita tata ta yanke nan take. Irin waɗannan lalle su ga likita, gama za su yi shekaru masu yawa ba tare da kāriyar sinadarin ba.

IDAN AL'ADA TA RIKICE

Alama ta fari ita ce rikicewar lissafi. Macen da ta saba gani kowane kwana 28 sai ta ga ya zo a kwana 23, ko kuwa ya tsallake wata biyu sa'an nan ya dawo. Wani lokaci ɗan kaɗan, wani lokaci ya zo da ƙarfi har da gudaji. Shawararmu ita ce, tun daga yau ki nemi ɗan littafin rubutu ko kalanda, ki riƙa sa alama ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, da kuma ko ya yi yawa. Wadda ba ta rubutu ta sa 'yarta ta yi mata. Wannan ɗan lissafi zai yi miki amfani wurin likita, zai kuma yi miki amfani wurin ibada. A littattafan Malikiyya, irin su Ahalari da Risala, an bayyana cewa haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce haka jinin ciwo ne, ba ya hana salla ko azumi. Bayanin yadda mai al'ada sananniya za ta ƙirga nata kuwa, wannan a tambayi malamai. Namu kawai mu ce, malami ma ba zai iya ba ki amsa ba in ba ki riƙe kwanakin ba.

Nan akwai kuskure iri biyu da akan yi, kowanne yana da tsada. Na fari, mace ta ga wata uku babu jini, ta ce ai haihuwa ta ƙare, sai ta saki jiki. Ba haka ba ne. Muddin al'ada tana leƙowa, ko da jefi-jefi ne, ƙwai na iya fita, ciki kuma na iya shiga. Ciki a wannan shekaru ya fi na ƙuruciya haɗari, domin hawan jini da ciwon sukari da ɓari sun fi yawa a cikinsa. Wadda ita da maigidanta suka yanke shawarar hutawa, ƙa'idar likitoci ita ce ta ci gaba da hanyar tazarar da take bi har shekara 2 bayan jinin ƙarshe in ba ta kai 50 ba, ko shekara 1 in ta wuce 50.

Kuskure na biyu kishiyar na fari ne. Mace ta ga jini ya ɗauke, ciki ya ɗan tasa, sai a ce ciki ne ya kwanta. A shiga neman maganin tayar da shi, a sayar da akuya, a sayar da 'yan kunne, shekara ta zagayo babu labari. Wannan ya fi aukuwa ga matar da ta daɗe tana neman haihuwa, kuma abin tausayi ne ƙwarai. Awon fitsari na 'yan mintoci, da hoton ciki a asibiti, sun isa su raba gardama. Sau da yawa abin da akan tarar shi ne ƙiba ce ta shekaru, ko kuwa ƙari ne a mahaifa wanda yake bukatar dubawa.

ZAFIN DA KE TASOWA

Wannan ita ce alamar da aka fi kuka da ita, gama wajen mata 3 cikin 4 sukan ɗanɗana ta. Mace tana zaune ƙalau, sai ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji, ya hau wuya, ya rufe fuska, gumi ya keto, gaba ya riƙa faɗuwa. Bayan minti 1 zuwa 5 ya wuce, wani lokaci ya bar ta da jin sanyi har da makyarkyata. In da dare ne, ta farka ta tarar da zane da matashi sun jiƙe sharkaf. Dalili shi ne, wurin nan na ƙwaƙwalwa mai auna zafin jiki ya zama mai saurin firgita. Da zafi ya ƙaru ɗan kaɗan sai ya ɗauka jiki zai ƙone, ya buɗe jijiyoyin fata, ya saki gumi.

Da can akan ce wa mata abin na shekara ɗaya ko biyu ne. A 1996 aka fara wani babban bincike a Amurka, aka bi mata 3,302 shekara da shekaru ana rubuta halin da suke ciki. Rahoton da aka fitar a 2015 ya nuna cewa, cikin waɗanda zafin ke yawan taso musu, rabi sun yi fama da shi fiye da shekara 7, baƙaƙen fata daga cikinsu kuwa wajen shekara 10. Mun kawo wannan ne don kada a ce da macen da ta daɗe tana kuka raki ne gare ta.

A ƙasarmu akwai wata matsala ta musamman. Duk zafin jiki sunansa zazzaɓi, saboda haka da mace ta ji wannan sai a ruga kemis a sayo maganin cizon sauro, in bai yi ba a ce taifod ce, a sha wani kuma. Akwai matan da ke shan irin waɗannan magunguna wata-wata ba gaira ba dalili, kuɗi na tafiya, jiki na wahala. Bambancin a sarari yake: zazzaɓi yakan zauna a jiki sa'o'i, ma'aunin zafi kuma ya nuna shi, wannan kuwa zuwa yake ya wuce kamar guguwa. Kada a sha maganin cizon sauro sai an tsaga yatsa an ga ƙwayar cutar. Amma a kula da ɗaya gefen: gumin dare tare da tari na fiye da mako 2 da ramewa, wannan alamar tarin fuka ce, kuma awonsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke wannan aiki.

Dabarun rage zafin ba su da wuya, ko da yake a bazara, sa'ad da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, sai an haɗa da haƙuri. A sa tufafin auduga marasa nauyi, a guji yadin roba mai riƙe gumi. A ajiye ruwan randa da mafici kusa da shimfiɗa, da zane na canji. A watsa ruwa kafin a kwanta. Mace ta lura da abin da ke tayar mata da shi: ga waɗansu yaji ne, ga waɗansu shayi mai zafi ko kofi ko goro, ga waɗansu kuwa tsayuwa a bakin murhu ko ɓacin rai. In zafin ya taso, ta zauna, ta riƙa jan numfashi a hankali tana saki a hankali har ya wuce. Mai ƙiba in ta rage nauyi sau da yawa takan ga sauƙi.

BARCI, DA MANTUWA, DA HALIN ZUCIYA

Nan za mu ɗan daɗe, gama nan ne gidaje ke ɓaci. Mu ɗauki misali da wata uwargida mai shekara 47, wadda kowa ya san ta da haƙuri. Watanni ke nan ba ta yi barcin kirki ba: gumi ya tashe ta ƙarfe biyu na dare, ba ta komawa sai an kusa kiran assalatu. Da safe yaro ya zubar da koko, ta rufe shi da faɗa kamar ya yi kisan kai, can kuma ta shiga ɗaki ta yi ta kuka, ita kanta ba ta san abin da take wa kukan ba. Ta ajiye makulli ta manta, ta shiga ɗaki ta rasa abin da ya kawo ta, ta yi salla ta kasa tuna raka'a nawa ta yi. Me mutanen gida za su ce? Wani ya ce iska ce ta taɓa ta. Wata ta ce ai tun da aka yi mata amarya ba ta sake zama daidai ba, a binciki amaryar. Maigida kuwa ya ce tsufa ya zo mata da mugun hali, ya fara daɗewa a majalisa.

Duk abin da aka lissafa a nan sanannu ne a wurin likitoci. Hawa da saukar isturojin yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe natsuwa, rashin barci kuma shi kaɗai ya isa ya mai da mai haƙuri mafaɗaci. Duk wanda ya taɓa kwana uku yana jinya ya san haka. Ga shi kuma abin ya faɗo daidai lokacin da nauyi ya fi yawa a kan mace: aurar da 'ya'ya, jinyar iyaye tsofaffi, renon jikoki, wani lokaci da takaba. A wurin da ake auna darajar mace da haihuwa, ganin ƙofar tana rufewa abu ne mai taɓa zuciya, balle ga wadda ba ta samu ba, ko wadda ta haifa suka koma. Mantuwar kuwa galibi ta ɗan lokaci ce, takan yi sauƙi bayan jiki ya daidaita, kuma ba ita ce ruɗewar tsufa ba. Addu'a da karatu suna kwantar da rai, ba mai hana su. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne ɗora wa kishiya ko maƙwabciya laifin abin da jiki ne ya kawo shi, domin zumuncin da aka ɓata da zargin sammu da wuya yake gyaruwa.

Don samun barci, a tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, a bar goro da shayi tun daga la'asar, a rage cin tuwo mai nauyi dab da kwanciya, a ajiye waya nesa da matashi. Barcin rana kada ya wuce rabin sa'a. In an yi ta juyi barci ya ƙi, gara a tashi a yi lazimi ko wani ɗan aiki marar hayaniya, sai ido ya yi nauyi a koma. Kada a saba da ƙwayar barci ta kemis, gama tana kama jiki, barinta kuma ya zama aiki. Har wa yau, mace ta sami wata babba da ta riga ta wuce wannan mataki, ya ko gwaggo ko aminiya, ta buɗe mata ciki. Mata da yawa sun ɗauka su kaɗai ne, sai sun yi magana su tarar da rabin ajin Islamiyyarsu haka suke.

Amma akwai iyaka. In baƙin ciki ya zauna fiye da mako 2 ba ya ɗagawa, mace ta bar jin daɗin kome, ta bar cin abinci ko wanka, ta riƙa cewa ba ta da amfani, ko ta ambaci gara ta mutu, wannan ciwon damuwa ne, yana kuwa da magani kamar yadda hawan jini ke da shi. Ya fi saurin kama wadda ta taɓa yin irinsa bayan haihuwa. A kai ta asibiti ba da jinkiri ba, kada kuma a bar ta ita kaɗai. Manyan asibitoci suna da sashen wannan, akwai kuma asibitocin Gwamnatin Tarayya na musamman a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

MAGANAR SHIMFIƊA

Idan isturojin ya ragu, fatar gaba takan yi siriri ta bushe, saduwa ta zama da zafi, sha'awa ta ja baya. Waɗansu kuma sukan yi yawan fitsari, ko zafinsa, ko ɗigonsa in sun yi tari ko atishawa. Zafin jiki yakan wuce da kansa in an daɗe, amma wannan bushewar ba ta wucewa, sai ma ƙaruwa in ba a kula ba. A manyan kantunan magani ana sayar da man santsi wanda aka yi domin wannan, likita kuma yana iya rubuta man isturojin na sawa a wurin, wanda kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini. Ga ɗigon fitsari, ungozoma za ta koya wa mace yadda za ta riƙa matse naman ƙasan mara tana saki, sau da yawa a yini. In an dage wata 3 akan ga bambanci.

Muna jan kunne da babbar murya game da cushe-cushen da ake tallarsu da sunan kayan mata. Alimun, da kanwa, da gishiri, da garin da ba a san abin da aka haɗa ba, in aka sa su a fatar da ta riga ta yi siriri sai su ƙone ta, su buɗe wa cuta ƙofa. Wanke ciki da sabulu ko ruwan magani shi ma ƙara bushewa yake yi. Ruwa tsabtatacce daga waje ya wadatar.

ƘASHI, DA ABINCI, DA MOTSA JIKI

Akwai ɓarnar da ba a ji ba a gani. A shekarun da ke kewaye da yankewar al'ada ƙashi yakan yi saurin zaizayewa, ba kuwa za a sani ba sai bayan shekaru, ranar da tsohuwa ta zame a banɗaki ƙugu ya karye. Haɗarin hawan jini da ciwon zuciya da na sukari shi ma yana hawa, kitse kuma yakan koma ya taru a tumbi. Abin farin ciki, yawancin abin da ƙashi ke so yana kasuwarmu: nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, miyar kuka, zogale, riɗi, tamba, wake da awara. Wadda ke zubar da jini da yawa ta ƙara da hanta da nama da ganye, ta ci lemo ko gwaiba bayan abinci, ta kuma raba shayi da lokacin cin abinci, gama shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe mai gina jini. A rage gishiri da dunƙulen miya na kanti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini duka kada ya kai giram 5, watau ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya.

Fata tana bukatar hasken rana don ta ƙera sinadarin da ke shigar da abincin nan cikin ƙashi, saboda haka matar da ke cikin kulle ta riƙa zama a tsakar gida da hantsi. Ƙa'idar motsa jiki kuwa minti 150 ne a mako, watau rabin sa'a sau 5. A ƙauye daka da surfe da ɗiban ruwa sun biya wannan. Matsalar ta uwargidan birni ce, wadda da ta yi surukai da 'yan aiki sai aka ce ta huta, ta zauna bisa kujera daga safe har dare. Wannan hutu ba gata ba ne. Ta yi tafiya da sauri-sauri, ko da kewaya tsakar gida ne.

MAGANIN ASIBITI

Mata da yawa ba sa bukatar kome ban da bayani da dabarun da aka ambata. Wadda abin ya hana ta barci ko aiki, akwai maganin mayar da isturojin da jiki ya rasa, na haɗiya, ko na shafawa, ko na mannawa a fata, kuma babu abin da ya kai shi kashe zafin nan. Macen da mahaifarta ke nan tilas a haɗa mata da furojestaron, domin isturojin shi kaɗai yana kumbura bangon mahaifa har ya iya kai ga daji.

Maganin yana da tarihi. A 2002 aka tsayar da wani gwaji a Amurka na mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙaruwar ciwon dajin mama da toshewar jijiyoyin jini, sai duniya ta tsorata, mata suka yi ta watsar da shi. Daga baya aka sake duban lissafin, aka lura cewa matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, watau sun daɗe da wuce shekarun sauyi. Matsayin likitoci a yau shi ne, ga mace lafiyayya wadda ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara 10 da yankewar al'ada ba, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa. Ba a ba wadda ta taɓa yin dajin mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani, ko mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Irin waɗannan akwai musu waɗansu magunguna marasa isturojin. A sani kuma, maganin nan ba ya hana ɗaukar ciki, ba kuwa abin da ƙawa za ta ɗiba wa ƙawarta ba ne.

GA MAIGIDA

Malam, matar nan da ta haifa maka 'ya'ya ta yi maka girki shekara 25 ba ta sauya maka da gangan ba. In ta yi faɗa, ka bari ta huce. In ta ce shimfiɗa tana yi mata zafi, gaskiya ta faɗa, ba ƙinka take yi ba. Ka sassauta, ka ba ta lokaci. Ka tsawata wa yara su rage mata aiki, kada kuma ka bari abokiyar zamanta ta mai da gumin nan ko mantuwar nan abin habaici. Mafi girma duka, izinin zuwa asibiti da kuɗin mota da na kati a hannunka suke. Mata da yawa sun makara ne don sun yi watanni suna jin nauyin tambaya. Ka riga ta, ka ce ta shirya ku tafi.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Babban haɗarin shekarun sauyi shi ne a ɗora wa shekaru kome da kome, har ciwo mai kisa ya ɓuya a bayansu. Dajin mama shi ne ya fi yawa a matan Nijeriya, na bakin mahaifa yana biye da shi, duka biyu kuwa a irin waɗannan shekaru suke yawan bayyana, kuma duka biyu ana iya maganinsu in an zo da wuri. Saboda haka a garzaya asibiti idan jini yana jiƙa ƙunzugu kowace sa'a, ko ya wuce kwana 7, ko yana dawowa kafin kwana 21. Idan ana ganin jini tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan saduwa. Idan wani ruwa mai wari yana fita. Idan an ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan mama ya shige ciki. Haka nan jiri da haki da farin ido, alamar jini ya yi ƙasa. Faɗuwar gaba da rawar hannu da ramewa alhali ana cin abinci, wannan yana iya zama ciwon maƙoshi ne irin na maƙoƙo, wanda yakan yi kama da shekarun sauyi ƙwarai. Wadda kuwa ta cika wata 12 babu jini sa'an nan ta ga ko ɗigo ɗaya, kada ta ce ƙuruciya ce ta dawo. Ta tafi a duba ta cikin makon nan.

Ko babu ɗaya daga waɗannan, ya kamata kowace mace mai wannan shekaru ta nemi a duba mata bakin mahaifa, a auna mata jini da sukari. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa dajin bakin mahaifa. Uwa ko kaka da ta zo dubiyar kanta ta tambayi ma'aikata labarin allurar domin 'ya'yanta da jikokinta.

A fara da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa babban asibiti, ko asibitin koyarwa irin na Shika, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Jos, inda akwai likitocin mata. Ranar zuwa, a riƙo littafin lissafin kwanaki, da duk maganin da ake sha a cikin kwalinsa, har da na gargajiya. Wadda take jin nauyin likita namiji tana da damar ta roƙi a haɗa ta da mace, ko a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin har a gama.